Shekarar da Fulgence Ya Kira Gayya

A ƙauyen Ti Bwa da wuya ka ga gidan da mai shi zai ce maka ya gama. Kowane gida da rodi a tsaitsaye a kansa, suna jiran shekarar da za a samu sarari a ɗora bene, har wasu rodin sun girmi 'ya'yan gidan. Mafi yawansu kuma hannu ɗaya ne ya lanƙwasa su ya ɗaure, hannun Fulgence Esprit. Shi kuwa nasa gidan ko rufi bai samu ba, balle a yi zancen bene.

Ubansa manomin ayaba ne, shi ma da ayabar zai yi. Yana saurayi guguwar David ta kwantar da gonakin tsibirin Dominica kaf, ta kwashe rufin gidaje ta watsar a teku. Da aka shiga gyara, ɗan kwangilar da ke sake gadar ƙauyen ya ga wani ƙato zaune a bakin rafi ya zuba wa ma'aikata ido, sai ya miƙa masa filaya da ƙullin waya ya ce, tunda kallon ba ya ƙoshi da shi, ya zo ya gani daga kusa. Shi ke nan sana'a ta samu. Fulgence ba mai yawan magana ba ne, ga taurin kai, ga shi ba ya son roƙo ko da na gishiri ne. Abu ɗaya ke sa shi surutu, ya ga rodin da wani ya ɗaure da ganganci. Ko gidan wa ne sai ya tsaya ya kwance ya sake, yana yi yana mita.

Tun daga nan rayuwarsa ta bi shekaru yadda suka zo, su kuwa ba sa zuwa iri ɗaya. Tsibirin ƙarami ne, aiki ɗaya babba ya isa ya ɗauke mazan gari gaba ɗaya, ranar da ya ƙare kuma ya sauke su gaba ɗaya. Shi ya sa a Ti Bwa ba a damu da lambar shekara ba. Ana cewa shekarar gada, shekarar makaranta, shekarar bangon teku, sai kuma shekarun da ba su da suna saboda ba a gina komai a cikinsu ba. Duk shekara minista kan karanta kasafi a rediyo, ya ce jarin da aka zuba a gine-gine da injuna ya hau ko ya sauka, mutane su saurara suna ɓare wake. Abin da suke dubawa shi ne titi. In manyan motoci sun hana kaji tsallakawa, a yi cefane da nama. In akuya ta kwanta a tsakiyar kwalta ba wanda ya tashe ta, a koma gonar gwaza.

A shekarar makaranta ya auri Ismène, wadda gari ke kira Ma Fulgence. A wata shekara marar suna aka haifi 'yarsu ɗaya tilo, Merlyn. Suna zaune a tsohon gidan katako na ubansa mai rufin kwano, a gefe kuma yana ta ɗora gidan bulo: ɗakin kwana, falo, da kicin. In shekara ta yi kyau bango ya ƙaru da layi biyar ko shida, in ta ɓaci ciyawa ta fito a falo. A shekarun rashi ya gwada kamun kifi, kifin bai san da zamansa ba. Ya je tsibirin St. Martin ya ɗaura rodin otal-otal ɗin wasu, ya dawo da tari da 'yan daloli. Haka bangon ya kai inda ake so, ya tsaya yana kallon sama shekara da shekaru.

Sai guguwar Maria ta zo. Kwanon gidan katakon ya tashi tun da wuri, su biyun suka ƙare a ƙarƙashin teburin cin abinci da katifa a ka, har gari ya waye. Ba wanda ya ji ciwo. Fulgence ya samu kwanon agaji ya mayar da rufi, a ganinsa an wuce wurin. Amma Ismène ba ta wuce ba. Mace ce mai fara'a da son girki, wadda in ta ɗora tukunya maƙwabta kan sami dalilin leƙowa, sai ga shi da zarar Yuni ya kama, lokacin guguwa ya shigo, ta daina barci. Kwano ya ɗan motsa ta miƙe zumbur. Ta rame, hawan jini ya kama ta, ba ta dawowa daidai sai Nuwamba ya wuce. Abin yana cin Fulgence a rai ƙwarai, don yana son matarsa, sai dai shi a wurinsa maganin kowace damuwa kankare ne, kankaren kuma babu.

Rufin kankare, wato dekin, ba a zuba rabinsa yau a bar rabi sai gobe. In na farko ya sha iska kafin na biyu ya same shi, wurin haɗin zai yi ta yoyo har jikoki. Motar kankare kuma ba ta iya hawa 'yar hanyar da ke zuwa gidansu. Don haka sai gayya, wadda a nan ake kira kudmen: Fada, limamin coci, ya sanar bayan addu'ar Lahadi, ranar Asabar gari ya taru, a jera layi tun daga wurin kwaɓi har saman tsani, bokiti na bin hannu. Mai gida ba ya biyan kowa. Nasa shi ne tukunya da giyar rake, sannan ranar da wani ya kira, ya je da jikinsa. Fulgence ya yi shekaru yana zuwa na kowa. Abin da bai taɓa haɗa masa ba shi ne siminti da hannaye a shekara ɗaya. In akwai aiki har ya iya sayen siminti, kowa na wurin aikin. In kowa na gida, shi ma yana gida, aljihu wayam.

Ana nan sai ga wasu masu kuɗi daga waje sun zo gina ƙaton otal a bakin teku, bayan tudun da ke kudu da ƙauyen. Aikin ya haɗiye kowa, har da waɗanda ba su san bambancin shebur da cokali ba. Ranar Asabar kuma ninki biyu ake biya. Fulgence ya duƙufa ba ji ba gani. A cikin wannan hali ne Boniface Laronde ya kira gayyar nasa dekin. Boniface kafinta ne, shi ne uban baftismar Merlyn, don haka shi da Fulgence konpe suke kiran juna, kuma konpe ya wuce aboki. Fulgence ya yi ta juya abin a ransa, daga ƙarshe ya ɗauko wani lebura ya biya shi ya je a madadinsa, ya haɗa shi da babbar kwalbar giya da saƙon cewa aiki ne ya riƙe shi. A St. Martin haka ake yi, ba wanda zai ga laifi. A Ti Bwa kuwa ka aiko ɗan haya gayyar konpenka, gara ka ce ba ka da lafiya. Boniface ya karɓi kwalbar ya ajiye.

Kafin ƙarshen shekarar Fulgence ya sayi rodi, ya sayi katako, ya saro gora ya tokare, ya ɗaure rodin dekin yadda ko injiniya ya gani sai ya jinjina. Siminti ma ya saye shi tun a Nuwamba, don ana raɗe-raɗin otal zai kwashe duk wanda jirgi ya kawo. Ya jibge shi a falon sabon gidan ya rufe da tamfol.

Da Kirsimeti Merlyn ta zo daga tsibirin Guadeloupe, inda take aikin kula da tsofaffi. Ta ga yadda uwarta ta koma, ta tare ubanta a gindin mangwaro.

"Papa, wannan matar da na gani a ciki ita ce uwata?"

"Ai ta fara murmurewa. Da kin gan ta a Satumba."

"Shi ne abin faɗa? Tun ina firamare kake cewa baɗi za a rufe gidan nan. Baɗin nan wace irin shekara ce da ba ta zuwa?"

"Janairu za a zuba. Je ki duba, komai na nan."

"To Allah ya sa. Amma ka ji da kyau, in Yuni ya kama tana ƙarƙashin kwanon nan, zan zo in ɗauke ta. Ɗakina na kankare ne. Kuma ba zuwan hutu nake nufi ba, Papa."

Ismène na jin su daga taga, ba ta ce a'a ba. Wannan shirun ya fi maganar Merlyn tayar wa Fulgence hankali, don ya san in ta tafi ta saba da barci, ba abin da zai dawo da ita.

A Janairu Fada ya sanar. Ranar Asabar Ismène ta ɗora babbar tukunya, Fulgence ya aro injin kwaɓa kankare na ƙungiyar masunta. Waɗanda suka zo tsofaffi ne 'yan ƙalilan, ɗaya da sanda, sai matan da suka zo taya girki. Majiya ƙarfi duk suna otal suna cin ninki biyu, kuma ba shi da bakin cewa komai, tunda shi ya nuna musu hanya. Can da hantsi sai ga leburan nan da ya taɓa aikawa, riƙe da kwalbar giya, ita dai waccan, ko buɗe ta ba a yi ba.

"Misye Boniface ya ce a gaishe ka. Ya ce aiki ne ya riƙe shi."

Tsofaffin suka yi ta dariya har da tari. Fulgence ya dubi faɗin dekin, ya dubi masu dariyar, ya san in aka fara ba za a kai ko'ina ba. Aka ci abinci aka watse. A makon nan Merlyn ta sayi tikitin jirgin ruwa na farkon Yuni ta aiko wa uwarta.

Daga nan ya shiga cewa wata mai zuwa. Duk Lahadi bayan coci yakan hau da buroshin ƙarfe ya kankare tsatsar da iskar teku ke ɗora wa rodinsa. Tamfol ɗin falo kuwa ratse shi yake yi ya wuce. Mutumin da ya tsufa a wurin gini ya san siminti ba ya jiran kowa, ya san ruwa na ɗiga ta tsakanin katako, ya san buhunan a ƙasa suke ba a kan komai ba. Sau ɗaya ya zura hannu ya danna na sama, ya ji ya ɗan lotsa, ya janye hannunsa da sauri. Tsoro ne ya hana shi duba sauran.

Sabuwar shekarar ta zo da nata halin. A Afrilu kuɗin masu otal ya tsaya, wasu suka ce banki ne, wasu suka ce rigima ce tsakaninsu. Ɗan kwangila ya tara ma'aikata ya ce albashin ƙarshen nan ba zai iya biya da kuɗi ba, kowa ya ɗebi kaya gwargwadon nasa. Ranar Ti Bwa ta ga abin kallo. Wani ya shigo da tayil, wani da madubin da ya fi shi tsawo, wani da kwanon masai na zamani alhali gidansa ko famfo babu, daga baya matarsa ta shuka barkono a ciki. Masu hankali suka ɗebi siminti, buhu bibbiyu, uku-uku. Fulgence, da yake yana da siminti jibge a gida, ya zaɓi ƙofofi masu kyau da tagogin gilashi.

Gari ya cika da maza masu zaman wasan domino. Hannaye sun samu. Saura abu ɗaya, wanda ya fi ɗaukar buhu wuya a wurin Fulgence. Ya sa hularsa ya tafi gidan Boniface, ya same shi yana fere katako a ƙarƙashin sabon dekinsa.

"Konpe."

"A'a, manyan otal! Yau da ƙafarka? Ko leburan ne ba shi da lafiya?"

"Na zo ne a kan Asabar mai zuwa."

"Ka ga rufin nan? Inda ɗan hayarka ya tsaya, nan ne kaɗai ke yoyo. Na sa masa sunanka. In ruwa ya sauko sai in ce wa madam, kawo roba, Fulgence ya fara."

Fulgence ya cire hular ya riƙe a hannu. "Ban kyauta ba, Konpe. Kuma Ismène za ta tafi."

Boniface ya daina ferewa. Ya ce, "Ka ce ta zuba barkono sosai. Na wancan karon an ce salam yake."

Ranar Asabar ta ƙarshen Mayu, tun rana ba ta yi zafi ba aka busa ƙatuwar katantanwar da masunta ke kiran mutane da ita. Wannan karon gari ya zo, har da waɗanda suka zo don tukunya kawai. Mata suka kewaye murhu, gwaza da ɗanyar ayaba da kifi da wutsiyar alade mai gishiri suna tafasa. Aka tayar da inji, aka jera bokitai, ana ta ba'a ana rabon wurin tsayawa. Akwatin Ismène kuwa na nan a ɗaure a gidan katako, kowa ya sani, ba dai mai faɗa.

Boniface ne ya yaye tamfol. Buhunan sama sun yi gudaji-gudaji, ana iya ɗan tsintar na kirki a ciki. Wani ya rungumo na ƙasa ya kasa lanƙwasa shi, ya sake shi ya faɗi, ya yi ƙara irin ta bulo. Aka ɗauko na gaba, haka. Na bayansa ma haka. Mai inji ya kashe inji.

Fulgence na tsaye a ƙofar falo. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, don ba sata aka yi masa ba, ba guguwa ba ce, shi ne ya tara gari a kan duwatsu.

Boniface ya ɗauki guduma ya buga wa buhu ɗaya, gudumar ta yi tsalle. "Konpe, ai ka riga ka zuba dekinka. A ƙasa dai ka zuba shi." Aka ɗan yi dariya, ba mai yawa ba. Ya ajiye gudumar, ya jawo baro ya gangara. Bayan ɗan lokaci ya dawo yana nishi, da buhunan otal da ya ajiye don matakalar gidansa.

Ba kowa ne ya bi sahunsa ba, kada a yi wa Ti Bwa ƙarya. Wani ya ce ai nasa ya riga ya yi amfani da shi, alhali an san yana ƙarƙashin gado. Wani ya shiga ɗaure takalminsa bai gama ba sai da maganar ta wuce. Ba a ga laifinsu sosai ba, don kowa na da rodi a kansa, kuma ba wanda ya san shekarar da aiki zai dawo. Amma wasu sun gangara, suka dawo da ɗaiɗai da bibbiyu, a ka da a baro. Aka tara, aka haɗa da abin da aka tankaɗe daga na Fulgence. Boniface ya dubi tarin ya dubi sama.

"Ɗaki ɗaya zai yi, in aka tsaya daidai kan bango. Ɗaya tak. Wanne?"

"Ɗakin kwana," in ji Fulgence.

"Kai za ka zaɓa? Ai zaɓinka muka gani yanzu. Je ka tambayi uwar gidan."

Ya same ta a bakin murhu tana juya tukunya da ludayin katako. Matan da ke wurin suka ja gefe, amma ba inda ba za su ji ba.

"Ismène, simintin ya lalace. Laifina ne. Wanda aka kawo ɗaki ɗaya zai rufe. Na ce ɗakin kwana, ko za ki samu barci."

Ba ta ɗago ba. "Ɗakin kwana? In kwanta in zuba wa rufi ido ina sauraron iska? Wannan na yi shi ya ishe ni."

Gabansa ya faɗi. Ya tsaya yana jiran ta ce a bar shi kawai.

"Ku zuba a kicin," ta ce. "Ya fi faɗi, gado zai shiga ta bangon gabas. In iska ta taso, ina so ta same ni da abin yi a hannu. Kuma ƙofar nan ta otal, mai nauyin, a nan za ka sa ta."

"To jirgin fa?"

"Kada ka ɗauka na daina jin tsoro, Fulgence. Ban daina ba, wataƙila ma ba zan daina ba." Ta ɗanɗana romon ta ƙara gishiri. "Kai za ka kira Merlyn ka gaya mata ba zan tafi ba. Ni in na ji muryarta kuka zan yi. Za ta wanke ka tas, ka tsaya ka saurara, kada ka kashe waya."

Fulgence ya juya ya nufi tsani. Daɗi da kunya suka haɗu suka cika masa ƙirji, hawaye na zubo masa a gaban mutane, bai iya gogewa ba don hannuwansa duk tsatsa ne. Boniface na sama yana jira, ya leƙo.

"Ina za mu fara, Konpe?"

Fulgence ya kama tsani.

"Kicin," ya ce. "Ta ce kicin."